Ƙashin Da Ba Ya Hutawa

Tun daga yadda ya kashe mashin nesa da ƙofar gida ya ƙaraso da ƙafa, Iklima ta san ba alheri Zaharaddeen ya kwaso daga Aliero ba. Mutumin da kullum sai ya danna oda sau biyu don duk Gumbin Kure su shaida ya iso, yau shi ne ya shigo zaure sumui-sumui, ko sallamar kirki bai iya ba.

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye ruwa. Bai sha ba. Ya tambayi jiki, ta ce Alhamdu lillahi. Ya sake tambayar jiki. Da ya tambaya karo na uku sai ta ɗago ta dube shi.

"Yaya Dini, jiki shina nan inda kab bar shi. Hwaɗa mani abin da yak kawo ka."

Ya sunkuyar da kai. "Goggo ta ce a'a."

Ba ta tambayi wace Goggo ba. Mutum ɗaya ce a gidansu Zaharaddeen take cewa a'a magana ta mutu.

Goggo Gudiya yayar mahaifinsa ce. Gidansu gidan ɗori ne, irin na Aliero da ake ɗauko mai karaya daga uwa duniya a kawo. Maza na ɗora maza a zaure, ita kuwa mata da ƙananan yara ne nata a cikin gida, sama da shekara arba'in. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma rabin gidan a bayanta suka girma, har da uban Zaharaddeen, har da shi kansa da mahaifiyarsa ta rasu tana jegonsa. Wa zai ɗaga ido ya musa wa wadda ta goya shi ta goya ubansa?

Iklima ta tambaya me aka ce ta yi. Ya ce ba ta yi komai ba, maganar ƙashi ce.

Goggo ta ce ta ɗora ƙafa, ta ɗora hannu, ta ɗora ƙugu, kuma sharaɗin ɗori bai taɓa canzawa ba: a ɗaura kara, a hana ƙashi motsi har ya kama. To ƙashin ƙirjin Iklima da likitoci suka raba da zarto a aikin zuciya, ina za a ɗaura masa kara? Numfashi bai barin shi ya huta ko na ƙiftawar ido. Ƙashin da ba ya hutawa kuwa ba ya haɗuwa, sai dai fata ta rufe a sama a yi zaton an warke. Ranar da Iklima ta ja majanyi ta ɗaure goyo a kan wannan ƙirjin, ranar zai buɗe. Ita ba za ta zauna da ranta tana kallo a kawo wa ɗanta matar da goyon fari zai kashe ba.

Hawaye suka zubo wa Iklima. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ƙiyayya a cikin maganar. Da ƙiyayya ce, da ta san yadda za ta yi addu'a a kai.

"Ba ka gwada mata takardal likita ba? Da hoton ƙirjin?"

"Na gwada mata. Ta ce ita ba ta karatun ƙashi ga takarda."

"Baba hwa?"

"Baba ya yi shiru. Kin san shirunai." Muryarsa ta karye. "Iklima, ki bari in kama haya Jega. A ɗaura ko babu yardatta. Daga baya ta huce."

Ta girgiza kai tana share ido da gefen hijabi. "Ba ni shiga gidanku bisa hawayen wadda tag goya ka. Kuma ba ni so a dinga kallona kamag gawad da ba a rufe ba tukuna. Wata takwas nay yi ina koyon numhwashi, ina koyon tahiya kamar jinjiri. Don in rayu nay yi, ba don a ji tausayina ba."

Ya ce to zai jira, ko shekara goma ce. Ya rantse ba zai kalli wata ba. Namiji guda, mai gonar albasa da ake nunawa da baki a fadamar Aliero, yana kuka da majina a zauren surukai.

Ita ce ta ƙarshe da faɗin nata mugun labarin. Mahaifinta, Malam Ladan, ya gaji. Kayan sa rana sun shekara ɗaya da rabi a ɗakinsa, mutanen Aliero kullum sai an jima. Ya ce idan Juma'ar nan ta wuce ba su zo sun tsayar da magana ba, zai mayar musu da kayansu. Ga Sabi'u, ɗan ƙanwarsa da ke tashar Jega, ya aiko sau biyu yana cewa shi ya ji ya gani.

Ranar kuwa Litinin ce.

*

Ciwon ba da rana ɗaya ya zo ba. Tana ƙarama maƙogwaro ya yi ta kumbura mata, a ba ta jiƙo ya lafa, gaɓoɓi su yi zafi su daina. Ashe yana can yana cin wata ƙofa a cikin zuciyarta. Sai da ta gama karatu ta fara koyarwa a firamaren garinsu, aka kawo kayan sa ranarta, sannan ya fito fili.

Haki ne ya fara. Layi ɗaya za ta rubuta a allo sai ta dafa tebur. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kwanciya ta gagare ta, sai dai a jera mata filo ta jingina.

Likitocin gari, waɗanda ba su taɓa rasa sunan cuta ba, wannan ya ce iska, wannan ya ce shawara, wata tsohuwa ta ce bakin mutane ne saboda miji ya fito. Ta sha hayaƙi har hijabanta suka daina jin sabulu. Zaharaddeen ne ya kafe sai an kai ta Birnin Kebbi an haska ƙirjin. Daga can aka tura su wani babban asibiti mai nisa, inda wasu likitocin zuciya ke zuwa aikin taimako.

Likitan ya zana mata a takarda. Ya ce a cikin zuciya akwai ƙofofin da jini ke bi, bawul suke ce musu, nata guda ya tsuke kuma ba ya rufuwa, sai an cire an sa wani. Iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, wanda mutum kan mutu ya bar shi, amma sai da shan maganin tsinka jini har abada, maganin kuwa ba ya shiri da ciki. Akwai wanda ake yi da tantanin zuciyar saniya, da shi mace kan haihu da sauƙi, amma yana tsufa. Shekara goma, ko sha biyar idan an yi sa'a, sai an sake buɗewa.

Ya ce ta yi tunani. Ba ta yi wani dogon tunani ba, ta ce a sa mata na saniya. Daga ita sai mahaifiyarta, Inna Hamsatu, sai Zaharaddeen suka san wannan. Inna ta ce maganar ta tsaya nan, ba kowane abu ake shanyawa a rana ba.

Abin da take iya tunawa na ranar aikin kaɗan ne: sanyin ɗakin, fitila mai haske a saman kanta, da wata ma'aikaciyar jinya da ta riƙe mata hannu ta ce ta yi ta salati. Ta farka da roba a maƙoshi da ƙishirwar da ba ta taɓa jin irinta ba. Auduga ake jiƙawa a shafa mata a leɓe.

A rana ta uku ta ja numfashi, ta ji ya sauka har ƙasa, inda ya kusa shekara bai kai ba. Ta yi kuka, kukan ya jawo tari, tarin kuwa sai ka ce da gatari ake sara ta. Nan ta koyi rungume filo a ƙirji kafin ta yi tari ko atishawa. Zaharaddeen na can a baranda, ya bar irin albasarsa a hannun maƙwabta, yana aiko mata da gaisuwa ta bakin Inna sau goma a wuni.

Da aka dawo gida, mako shida ba a yarda ta ɗaga abin da ya fi buta ba. Ba ta dafa ƙasa ta miƙe, sai an tallabe ta. A zaune take salla. Tafiya ce maganin, in ji likita, don haka ta fara: yau zuwa zaure, jibi zuwa rijiya, wata na uku har bakin fadama. Duk wata ta je Maiyama a yi mata allurar da ke tsare zuciya daga tsohon ciwon.

Ranar da ta fara kai goshinta ƙasa a sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba, har Inna ta tsorata ta taɓa ta. A wata na biyar ta koma aji. A na shida ta faki idon Inna ta surfa gero mudu biyu, ba abin da ya same ta sai kanta a hannu.

Duk wannan Goggo Gudiya ba ta gani ba. Takarda aka kai mata.

*

Washegari da safe suna tankaɗe, Iklima ta tambayi Inna ko gidan ɗori na korar wanda ya zo da ƙashi. Inna ta ce ina, ai gadonsu ya hana. Ko maƙiyinsu ne ya zo sai sun duba shi. Kuma ba su yin ƙarya a kan ƙashi, don sun yi imani ranar da mai ɗori ya faɗi abin da hannunsa bai ji ba, ranar ɗorin ke barin hannun.

"To ni ma ƙashi gare ni, Inna."

Rariya ta tsaya a hannun Inna. Ta ce budurwa ta kai kanta gidan surukai da ƙafarta? A Gumbin Kure aka taɓa yi ko a Maiyama? Da wane ido za ta kalli mata a gidan suna?

"Ba gidan surukai za ni ba. Gidan ɗori za ni."

Inna ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta na unguwa ta kaɗe. Aka gaya wa Malam Ladan gobe za a kai Iklima Aliero a duba ƙirji. Ya dube su, ya dubi carbinsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Tsoho ne, ya gane sarai, ya ga dai rashin ganewar ya fi masa sauƙi.

Daga Maiyama sai an sauka Jega a sake mota, a tashar Jega kuwa ƙuda bai wucewa Sabi'u bai gani ba. Kafin su gama sauka ya iso da gudu, ya karɓe jakar Iklima, ya tashi wani bawan Allah daga benci, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Mutumin kirki ne Sabi'u, ba mai musun wannan. Kirkin ne ma ya yi yawa.

"Ƙanwata, mi ya hiddo ki cikin ranag ga? Ke da ya kamata ki kwanta." Ya juya wajen Inna, ya sassauta murya yadda ake yi a gaban maras lafiya. "Inna, in ta zo gidana ko tsinke ba ta ɗagawa. Ba daka, ba goyo, ba komi. Ta ci ta sha ta huta, har lokacin da Allah ya nuhwa."

Inna ta shi masa albarka. Iklima kuwa ƙarshen maganar ne ya tsaya mata a rai. Wato ɗaki zai ba ta ta zauna jiran mutuwa, da fanka da lemo.

Ta miƙe, ta yi masa godiya, ta karɓi jakarta daga hannunsa. Ya ce ta bari ya kai mata mota. Ta ce ya bar shi, ba nauyi. Ya tanadar mata gidan gaba, ta wuce ta shiga baya ta matsu da masu buhun irin albasa.

*

Da hantsi suka shiga gidan. Sashen mata cike yake: wata kwance da kara tun daga gwiwa har idon sawu, wata na koyon taka ƙafa da sanda, ko'ina warin man shanu da saiwoyi. Suka sami gefen tabarma a ƙarƙashin rumfa suka bi layi. Ba wanda ya san su, don Iklima ba ta taɓa tako gidan ba.

Kusa da su wata mata ce daga Katanga, ta faɗo daga mashin hannu ya karye. Jinjirarta, 'yar wata goma mai kumatu, tana ta tsala ihu tana jan rigar uwar tana son baya. Uwar na kuka, 'yar na kuka, hannu ɗaya ba ya goyo.

Iklima ta ɗan jima tana kallonsu. Sai ta ce matar ta ba ta zanen.

Inna ta zaro ido, ta riƙo gefen hijabinta. Iklima ta yi kamar ba ta ji ba. Ta duƙa, ta ɗora yarinyar, ta ja zane ta soke, ta kawo majanyi ta ƙulla. Ƙullin ya sauka daidai kan tabon. Maganar Goggo ta dawo mata tiryan-tiryan, kuma ita ma tun da aka yi aikin ba ta taɓa gwadawa ba.

Ta ja numfashi a hankali tana sauraron ƙirjinta. Fatar ta ɗan ja. Ban da wannan ba ta ji komai ba sai ɗumin yarinya a gadon bayanta. Ta fara jijjiga, ba a jima ba kukan ya koma ajiyar zuciya, ya koma barci.

Haka ta tsaya har rana ta kusa tsaka. Aka shiga da mai hannun aka fito da ita tana gumi, aka ce na gaba.

Ɗakin da ɗan duhu. Goggo Gudiya na zaune a kan buzu, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai manyan hannuwa, idonta ya yi yana, inuwar mutum kawai take gani. Ta amsa gaisuwa a gajarce, irin ta wanda aiki ke jira.

"Mai ƙashi da goyo? Sauke ɗan nan. Ina na ciwon?"

Iklima ta kwance ta miƙa wa Inna yarinyar, ta durƙusa. Ta ce ƙirji ne. Goggo ta yi bismilla, ta tofa a tafin hannu, ta zura shi ƙarƙashin hijabi. Yatsunta suka fara daga gindin wuya suka gangaro. Sai suka ci karo da tabo, miƙaƙƙe sak, wanda faɗuwa ba ta yin irinsa. Suka tsaya.

"Ke ta ɗiyal Ladan."

"Ni ta, Goggo."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai san na zaka ba. Ƙashi nik kawo a duba mani."

Fuskar tsohuwar ta ɗaure tamau. Da a ƙofa ta gane ta, da ta san yadda za ta sallame ta cikin mutunci. Amma hannu ya riga ya hau ƙashi, an yi bismilla, ba a janyewa sai ya faɗi abin da ya ji. Ta ja tsaki ƙasa-ƙasa ta gyara zama.

Ba ta yi mata da sauƙi ba. Ta dafa gefen dama da tafin hannu ta danna hagu, ta dafa hagu ta danna dama. Ta ce ta ja numfashi ta riƙe. Ta ce ta yi tari. Ta ce ta ɗaga hannuwa sama, ta tura tafinta da ƙarfi, ta juya kafaɗa. Tana neman ɗan motsin nan ne da baki biyu na ƙashi ke yi idan ba su kama ba, wanda yatsunta suka san shi fiye da sunanta. Inna na gefe tana jijjiga 'yar mutane, leɓunanta na motsi.

Goggo ta sake bi tun daga sama, a hankali wannan karon. Yatsanta ya tsaya a kan wani ɗan tudu, ya sauka ya sami wani, ya sami wani.

"Mine na wanga, kamar ƙullin zare?"

"Waya ta, Goggo. Da ita sunka ɗaure ƙashin. Tana nan ciki, ba a hidda ta."

Tsohuwar ta sake dannawa. Yatsan na ta kai da komo a kan ƙullin, yadda maɗinkiya ke shafa ɗinkin wata idan ya burge ta.

"Ashe daga ciki sunka sa karan," ta ce, kamar da kanta take magana. Ta ɗan juya kai wajen da Inna ke tsaye. "Goyon da kis shigo da shi, tun yaushe shi ka bayanki?"

Inna ce ta amsa, ta ce tun hantsi.

Goggo ta janye hannunta ta goge a zane. Ba ta rage murya ba, har matan da ke bakin ƙofa suka ji.

"Ya kama. Ya kama ƙam, ya hi ƙuguna ƙwari. Ni Gudiya na yi kuskure, kuma ba ni ƙarya bisa ƙashi."

Inna ta saki ajiyar zuciya har yarinyar ta motsa. Ta fara jera godiya tana tattara mayafi, tana taka wa Iklima yatsan ƙafa alamar a tashi tun kasuwa na da kyau.

Iklima ba ta tashi ba. Ta sami abin da ta zo nema, ga shi a hannu. Amma tsohuwar nan yanzu ta ƙaryata kanta a gaban mutane don kada ta yi ƙarya a kan ƙashi, ita kuma za ta fita da rabin magana a ciki. Ta ji ba za ta iya ba.

"Goggo, da saura."

Inna ta ƙara danna yatsan. Iklima ta janye ƙafarta.

Ta faɗa mata duka, hawaye na zuba. Ta ce abin da aka sa mata a zuciya da tantanin saniya aka yi shi, kuma yana tsufa. Nan da shekara goma ko sha biyar sai an sake buɗe ƙashin nan da Goggo ta yaba. Zaharaddeen ya sani, tsoro ne ya hana shi faɗa. Idan wannan ya sa Goggo ta tsaya a kan a'arta, ba za ta ga laifinta ba.

Goggo ta tambaya babu wanda ba ya tsufa ne. Iklima ta ce akwai, na ƙarfe, an ba ta zaɓi. Goggo ta ce to wace irin wauta ce ta sa ta bar ƙarfe ta ɗauki nama?

"Na ƙarhen sai da magani kullum, maganin kuwa shina cutad da ciki. Ni ko ina son in goya nawa, Goggo. Na ga gara a buɗe ni sau biyu."

Daga waje ana jin sandar mai koyon tafiya tana ƙwanƙwasa ƙasa. Goggo Gudiya, wadda ta goya 'ya'yan kowa ba ta goya nata ba, ta sa bayan hannu ta share idonta mai yana, ta ce hayaƙin murhu ne ke damunta. Ko garwashi babu a ɗakin.

Ta dafa bango ta miƙe, ta laluba wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado. Ta daɗe tana tono kafin ta fito da wani majanyi na saƙi, baƙi da fari, gefensa ya fara zarewa. Ta ce da shi ta goya Zaharaddeen tun yana kwana tara a duniya.

Ta ce Iklima ta tashi tsaye. Ta zagaya mata shi ta baya, ta kawo bakin biyu gaba a kan hijabi, ta ja da ƙarfin mai ɗori ta ƙulla daidai kan tabon.

"Da zahi?"

"Babu, Goggo."

"Ƙashin da yak kama sau guda ya san hanya. Ran da za su sake buɗewa, in ina da rai ki kawo mani ɗiyan in riƙe, ki tai ki dawo. In ba ni da rai, akwai masu riƙewa, ni nir rene su." Ta ɗaga murya wajen ƙofa ta ce a gaya wa ƙanenta ya nemi goro, gobe Alhamis za su Gumbin Kure, ita ma da ita, ba ta son a kai Juma'a.

Iklima ta kai hannu za ta kwance majanyin don ta ninke. Goggo ta buge hannun ta ce haka za ta fita.

Haka kuwa ta fito, ta ratsa tsakar gida mata na bin ta da kallo, Inna na biye tana kuka tana dariya, ta manta ma 'yar mutane na hannunta sai da uwar ta yi magana.

A ƙofar gida suka yi kiciɓis da Zaharaddeen. Daga fadama yake, laka har gwiwa, fartanya a kafaɗa, fuskar nan ta wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ya ga Inna, ya ga Iklima, ya rasa inda yake. Ya buɗe baki zai tambayi me ya kawo su, sai idonsa ya sauka a kan baƙi da farin da ke ɗaure a ƙirjinta.

Ya san majanyin. Tun yana yaro Goggo ke fito da shi ta shanya ta mayar, ba ta taɓa bari ko matan gidan su taɓa ba.

Fartanyar ta zame ta faɗi. Ya durƙusa nan cikin ƙasa, a gaban masu jiran ɗori da masu tallan goro, ya kai goshinsa ƙasa.

Iklima ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, don yanzu kam ƙofar gidan surukai ce. Ta wuce shi da sauri kamar ba ta san shi ba, har Inna ce ke haki tana kiran ta jira ta.